Fara ta cinye gonar 'yan uwa a gida: kuɗi za mu tura ko buhunan hatsi?

Duk wanda ke zaune a unguwannin zango na nan Kumasi a Gana, Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango, kuma yana da dangi can sama, Nijar ne ko Burkina ko arewacin Najeriya, ya san irin kiran wayar nan da ake yi a ce fara ta sauka, gero ya fara ido ana murna sai aka wayi gari ba komai a gona sai kara a tsaye. Abin da ke biyo baya kusan kullum ɗaya ne, a yi karo-karo a ƙungiya ko bayan sallar Juma'a, 'yan kasuwar albasa su saka nasu, iyayenmu mata masu sai da waakye da koko su saka nasu, kuɗi su ɗan taru, toh daga nan sai gardama ta tashi. Dattawa su ce a je kasuwar Techiman ko Ejura a nan Gana a sayi masara a loda ma mota a kai musu su gani da idonsu, matasa su ce a'a Alhaji a tura kuɗin yau ɗin nan kawai, wasu su ce a raba biyu don kar ran kowa ya ɓaci. Ana wannan ja-in-ja mako yana wucewa, su kuwa can gida an fara kai awaki kasuwa.

Ni ina ɓangaren kuɗi, gara in faɗa tun yanzu. Amma ba kuɗi haka nan kara zube ba, kuma akwai wuraren da ni da kaina zan ce hatsi za a ba su, sai dai shi ma hatsin ba daga nan Gana za a ɗauke shi ba.

Kafin a zo kan me za a aika ya kamata mu gane yadda ɓarnar fara take, don rabin amsar tana nan. Akwai ƙananan farin da ke tashi kusan kowace damina a gonakin gero, su manoma suka fi sabawa da su, sannan akwai farin dango masu hayayyafa a hamada, wajen duwatsun Ayar da filayen Tamesna a arewacin Nijar da arewacin Mali da Muritaniya, in ruwa ya sauka sosai ciyawa ta fito suka yi yawa sai su haɗe su tashi gaba ɗaya. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce dangon da ya rufe murabba'in kilomita 1 kacal yana ɗauke da fara kamar miliyan 40, a yini guda suna cin abin da mutum 35,000 za su ci, kuma iska na iya kai su kilomita 150 a rana. Wallahi abin tsoro ne. Amma ga abin da ba a cika lura da shi ba, fara ba ta bin ƙasa bai-ɗaya yadda rashin ruwa yake yi. Inda ta sauka nan ta sauka, ta share gonakin ƙauyen nan tas, ƙauyen da ke gaba kaɗan kuma su girbe geronsu lafiya lau. Kenan sau da yawa hatsi yana nan a kasuwar yankin, mutumin da fara ta ci ma gona abin saye ne ya rasa, ba wai abincin ne ya ƙare a ƙasar ba.

Sai dai akwai shekarar da ba haka abin yake ba, kuma manyanmu ba su manta da ita ba. A daminar 2004 farin dango suka mamaye Muritaniya da Senegal da Mali da Nijar, yaƙin da aka yi da su daga 2003 zuwa 2005 ya ci sama da dala miliyan 400, a Nijar kuma ga shi ruwa ya ɗauke da wuri, gona ta lalace ciyawar dabbobi ta ƙare, sai 2005 ta zo da yunwar nan da ta yi ɓarna a Maraɗi da Tawa da Damagaram musamman a kan ƙananan yara. A lokacin ma akwai hatsi a kasuwanni, amma farashinsa ya yi sama sosai, dabba kuma ta faɗi warwas saboda kowa na sayarwa kuma duk sun rame. Toh kunga shekara iri biyu ce, wadda fara kaɗai ta yi ɓarna a wasu ƙauyuka, da wadda fara da ƙarancin ruwa suka haɗu suka kama yanki guda. In ba mu san wace iri muke ciki ba, gardamar da muke yi a nan Kumasi duk ta banza ce.

Yanzu maganar loda mota daga nan. Na san dalilin da ya sa iyayenmu ke son wannan hanya kuma dalili ne mai ƙarfi, buhu abu ne da ake gani, in an sauke shi a ƙofar maigari kowa ya shaida, ba mai cewa an ci kuɗin ƙungiya, kuma buhu ba ya raguwa don farashi ya tashi, kilo 100 ɗin da ka saya shi ne zai isa in Allah ya kai shi lafiya. Sannan suna cewa ai motocin da ke kawo albasa daga Galmi ta Nijar suna komawa, me zai hana a ɗora musu. Duk na yarda. Amma ku zauna ku yi lissafin hanyar, daga Techiman zuwa Tamale zuwa Bolga zuwa Paga, a tsallaka Burkina, hanyar da kowane direba zai gaya maka yadda tsaronta ya zama a 'yan shekarun nan, wani lokaci sai an jira rakiyar sojoji kwana da kwanaki, sannan a shiga Nijar a doshi inda za a je. Kuɗin mota, kuɗin masu lodi da masu saukewa, takardun boda, kwastan, abin da ake bayarwa a shingaye, duk daga cikin kuɗin marayu da gwagware zai fita. Ga shi kuma doka na iya canzawa kana kan hanya, a watan Agusta na 2024 da ruwa ya yi ƙaranci a arewacin Gana gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken soya zuwa waje, wanda ya riga ya saya don aikawa a lokacin yaya zai yi. Haka bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 iyakoki suka rufe na tsawon watanni, kaya suka maƙale.

Kuma ko ta isa lafiya, masara ce fa muka kai ma mutanen da fura da tuwon gero ne abincinsu. Za su ci, mai yunwa ba ya zaɓe, amma masara sai an kai inji an biya kuɗin niƙa, in ba ta bushe sosai ba ƙwari su shige ta ko ta yi fumfuna a hanya, kuma abin da na sha ji daga masu zuwa gida shi ne wasu gidajen sai sun sai da rabin buhun a farashi mai arha don su samu na magani da na gishiri da mai. Kenan mun biya kuɗin mota mai yawa don mu kai abin da za a mayar kuɗi da asara. Wannan hanyar ni a wurina ita ce ta ƙarshe, sai in babu wata.

Kuɗi kuwa amfaninsu na farko shi ne sauri. Yau a tara, MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ta sauƙaƙa mana tarawar ma, tun da aka cire harajin turawar mai suna E-levy a 2025 ba wannan ƙorafin, gobe a tura, jibi mace tana kasuwa tana awon gero. Kwana ukun nan da mako ukun mota ba ɗaya ba ne, saboda a makonnin farko ne ake yin asarar da ba ta dawowa, a sai da akuya mai ciki, a sai da saniyar noma, a jinginar da gona, a ci bashin da za a biya ninki da kaka, ko maigida da samari su bar gari su tafi ci-rani tun kafin lokaci. In mutum ya san akwai abin da zai shigo masa kuma ya san ranar, ba zai yi gaggawar rabuwa da jarinsa ba.

Na biyu, gidajen ba matsalarsu ɗaya ba. Wani gidan akwai sauran tsohon gero a rumbu amma yaro na kwance ba kuɗin asibiti, wani gidan bashin taki ne ya shaƙe su, wata tsohuwa ita ba ta ma iya daka, abin da take so a sayo mata gari da ɗan mai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu da ke nan Asawase ba za mu fi shi sani ba. Kuma kuɗin in an kashe su a kasuwar ƙauyen, mai awo ya samu, mai amalanke ya samu, mai tireda ya samu ya kuma ci gaba da ba mutane bashi, alhali in ka zubo hatsin kyauta da yawa a ƙaramar kasuwa manomin da fara ta bari ne zai kwana ciki don farashin nasa zai faɗi.

Ba mu ne muka fara wannan tunanin ba. Lokacin da farin dango suka afka ma gabashin Afirka daga ƙarshen 2019, bayan guguwa biyu da suka zubar da ruwa a hamadar Larabawa a 2018 suka ba su wurin hayayyafa, Kenya ba ta ga irinsu ba cikin shekara 70, Habasha da Somaliya cikin shekara 25, har Somaliya ta kafa dokar ta-ɓaci a watan Fabrairun 2020. Bankin Duniya ya ware dala miliyan 500 a watan Mayu na shekarar don ƙasashen da abin ya shafa, kuma ba feshi kaɗai aka yi da su ba, babban kaso tallafin kuɗi ne ga gidaje. A Somaliya an saka dala miliyan 40 aka bi ta shirin gwamnatinsu mai suna Baxnaano, wanda dama yana ba gidajen marasa ƙarfi dala 20 a wata ta wayar hannu, sai aka faɗaɗa shi ya kai ga gidajen da fara ta yi ma ɓarna. Abin da ya sa ya yi sauri shi ne dama akwai sunaye a rubuce kuma akwai hanyar turawa, wannan darasi ne gare mu, ƙungiyar da sai fara ta sauka za ta fara neman lambar wayar maigari ta makara. A nan Gana ma mun san shirin LEAP na gwamnati mai ba marasa ƙarfi tallafin kuɗi tun 2008, tsofaffi da marayu suna karɓa da katin cire kuɗi na e-zwich, ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

A Nijar ɗin kanta an gwada. A 2010 bayan damina ta gaza, ƙungiyar agaji ta Concern ta raba kuɗi a ƙauyuka 96 na jihar Tawa, kusan sefa 22,000 a wata har wata biyar, yawanci a hannun mata, wasu ƙauyukan hannu da hannu wasu ta waya. Masu bincike da suka bi suka ga waɗanda suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri-iri, dalili kuwa ba su ɓata yini a tafiya da layi ba, kuma kuɗin sun shigo a ɓoye matar ta fi samun ta cewa a kan yadda za a kashe. Wannan maganar ta ɓoye ku riƙe ta, za mu dawo kanta.

Amma adalci shi ne in faɗi abin da ke goyon bayan iyayenmu masu cewa abinci. A 2011 WFP, hukumar agajin abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yi gwaji a yankin Mirriya na jihar Damagaram, wasu ƙauyuka aka ba su kuɗi wasu aka ba su abinci mai darajar kuɗin, hatsi da wake da mai. Da aka auna sai aka ga waɗanda aka ba abinci sun fi cin abinci mai gina jiki, saboda masu kuɗin sun je sun sayi hatsi zalla mai yawa sun ajiye don tsoron gaba, wani ɓangaren kuma suka saka a kayan noma. Sai dai kai abincin ya fi tura kuɗin tsada da kamar kashi 15 cikin 100, kuma ku tuna wannan hukuma ce mai motoci da rumbuna a cikin ƙasar, ba mu da za mu ɗauko daga Techiman ba. Abin da na ɗauka daga nan shi ne in damuwarmu yara ƙanana ne da masu ciki da masu shayarwa, wake da mai da aka miƙa a hannu sun fi tabbas, kuɗi ba sa zama miya da kansu. In kuma damuwarmu gidan ya tsaya da ƙafarsa har damina mai zuwa, kuɗi sun fi.

Kuɗi suna da nasu ramukan kuma bai kamata a rufe su ba. Babba shi ne farashi, abin da zai sayi tiya 40 a watan Nuwamba ba zai saye su a watan Yuli ba, shekara irin 2005 kuwa abin ya wuce misali. Sai canji, sidi ake tarawa sefa ake kashewa, duk wanda ya ga yadda sidi ta zube a 2022 ya san ajiye kuɗin taimako a sidi wata shida kasada ce, ita sefa a ɗaure take da yuro ba ta wannan rawar, don haka ni zan ce a canza da wuri a ajiye a sefa. Sai kuɗin turawa da na cirewa, wanda ya kamata ƙungiya ta ɗauka a kanta kar a zaftare daga rabon mai karɓa. Sannan ku sani kuɗin waya a ƙauyukan Nijar bai yaɗu kamar MoMo a nan ba, mutane sun fi sabawa da zuwa ofishin kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza, waɗanda ke garuruwa da manyan ƙauyuka, toh in ƙauyenku yana da nisa da su dole a saka kuɗin kabu-kabu cikin lissafi kuma a yi tunanin tsaron hanya. Sai na ƙarshe wanda ya fi ciwo, kuɗi in an san sun shigo kowa yana da haƙƙi a kai, mai bin bashi ya zo, ɗan uwa ya zo, biki ya taso, kafin ka ankara sun watse.

Masu cewa ai maigida zai ƙara aure da su ko ya kashe a banza, ban ce ba a taɓa yi ba, amma zato ne da ya fi gaskiyar yawa, mutumin da 'ya'yansa ke kuka da dare ya san inda zai kai jika goma. Maganin wannan tsoron ba hana kuɗi ba ne, a saka su a hannun uwargida da sanin maigida da yardarsa, a faɗa a gaban liman cewa na cefane ne, don kar mu je gyara mu haddasa rigima a gidan mutane.

Akwai hanya ta uku da nake ganin ita ce za ta raba gardamar, a tura kuɗi amma a sayi hatsin can. Wakilai biyu ko uku amintattu su je babbar kasuwa mafi kusa da ba abin da ya same ta, Maraɗi ce ko Ƙonni ko Damagaram, in a Najeriya ne ga Dawanau a Kano, su sayi gero da wake a farashin sari tun da kaka yana da sauƙi, a kai ƙauyen a ƙaramar mota. Iyayenmu sun samu buhun da suke so a gani, mun kuma tsira daga boda da dogon hanya, kuma gero ne ba masara ba. Wannan ita ce daidai ga ƙauyen da kasuwarsa ta mutu, ko mai awo ɗaya ne tak a garin wanda da ya ji kuɗi sun shigo zai ƙara farashi, ko inda rashin tsaro ya hana mata zuwa cin kasuwa. In ƙauyen yana da bankin hatsi irin wanda ake yi a Nijar, inda ake ajiyewa da kaka a sayar ma 'yan gari da rahusa lokacin wahala, cika shi ya fi rabawa sau ɗaya a cinye. Matsalarta ita ce duk nauyin amana ya koma kan wakilan nan, don haka kar ya zama mutum ɗaya, kuma kar su fito daga gida ɗaya.

Wasu sun kawo shawarar a yi takarda da mai kanti, kowane gida ya je ya karɓi kaya na adadin kaza mu biya shi daga nan. Manyan ƙungiyoyi suna yi kuma yana musu aiki don suna da ma'aikatan da ke bin awo da farashi. Mu ba mu da su, mai kantin zai zama shi ne alƙali shi ne mai shaida. Haka maganar a ba su aiki su yi sannan a biya su, kamar gyaran tafki ko haƙa ramukan tare ruwa a gona, abu ne mai kyau ga masu ƙarfi amma waɗanda muka fi nufi, tsohuwa da gwauruwa mai yara da mara lafiya, ba za su iya ba. Ban ga dalilin da ƙaramar ƙungiya za ta shiga waɗannan biyun ba.

Inda nake so mu fi tsayawa shi ne lokaci, don ko mun zaɓi kuɗi in muka tura ba a kan kari ba mun yi rabin aiki. Fara tana ɓarnarta ne wajen ƙarshen damina, daga nan zuwa sabon gero kusan shekara guda ce, kuma wahalar ba a farko take tsanani ba, daga watan Yuni zuwa Agusta take, lokacin da rumbu ya ƙare kuma ga aikin gona. Mu kuwa zuciyarmu a makon farko take motsawa, mu tura duka mu manta. Ni da za a bi tawa kashi uku za a yi kuma ba daidai da juna ba. Kaso mafi girma yanzu da kaka, lokacin da gero ya fi arha a shekara, don kowane gida ya iya sayen buhu ko rabin buhu ya ajiye, in ka gutsuttsura shi wata-wata tiya-tiya za su dinga saye da tsada. Kaso na biyu a watan Mayu kafin ruwan shuka, don iri, saboda gidan da fara ta ci har irin sun rasa ko sun cinye shi, kuma a bar su su sayi irin da suka sani ya saba da ƙasarsu kar mu aika musu wani daga nan. Kaso na uku a tsakiyar damina, shi ne zai sa magidanci ya tsaya ya nome gonarsa maimakon ya wuni yana barema a gonar wani don abincin dare, tasa kuma ciyawa ta cinye. Kuma a gaya musu tun farko nawa ne kuma yaushe, kar a yi alkawarin da asusu ba zai ɗauka ba.

Sannan dan Allah kar mu manta makiyaya, don idan aka ce fara tunaninmu gona yake tafiya. Ita fara ciyawa da ganyen itace ma ci take, Bafulatani ko Buzun da ke gefen gari asararsa ba ta fitowa a ranar, sai bayan wata uku da dabbobi suka fara faɗuwa. Shi buhun masararmu bai warware masa komai ba, dusa da angurya yake nema da maganin dabbobi, kuma wannan ma wani dalili ne na kuɗi.

Wani abu a gefe amma yana da muhimmanci, ku gaya ma na gida in an yi feshin magani a yankin kar a kama farar a soya, kar a ci kar a kai kasuwa. Na san soyayyar fara sana'a ce kuma a shekarar wahala tana rufa asiri, amma wadda aka fesa ma guba tana iya kwantar da gida guda, yara ne kuma suka fi tsinta.

In cikin abin da aka tara akwai zakka, a ware ta daban a tambayi malamanmu kafin a sayi kaya da ita, don zakkar kuɗi tana da nata hukuncin da waɗanda suka cancanta, ba a biyan kuɗin mota ko na caji da ita haka kawai.

Wanda za a ba kuma ba mu za mu zaɓa daga nan ba, in muka ce mu ne kowa gidansu zai rubuta, gidan da ba shi da ɗa a Kumasi ko Ankara babban birnin Gana shi ne zai tashi a tutar babu alhali shi ya fi kowa buƙata, tunda masu 'ya'ya a waje dama ana ɗan aika musu. A bar maigari da liman da wata dattijuwa da mata suka yarda da ita su fitar da sunaye, a karanta a bainar jama'a don wanda aka tsallake ya yi magana, amma ranar turawa da adadin kowane gida ya tsaya tsakanin mai karɓa da ma'ajin ƙungiya, saboda dalilin nan na Tawa da na faɗa. Wadda ba ta da waya ko takardar shaida ta faɗi da bakinta wanda ta yarda ya karɓar mata, bayan kwana biyu wani daban, ba wanda ya tura ba, ya kira ya ji ko sun isa cif.

Kafin mitin mai zuwa Alhaji shugaban ƙungiyarmu da Hajiya magajiya su sa a kira mutum uku daban-daban a garin, ɗaya a cikinsu mace, a tambaye su nawa ake sai da tiyar gero ranar kasuwar da ta wuce da wadda ta gabace ta, masu awo nawa ne ke fitowa, ƙauyukan maƙwabta sun girbe ko su ma abin ya same su, nawa ake sayen akuya yanzu, kuma tafiyar awa nawa ce zuwa inda ake cire kuɗi. In gero yana nan farashi bai haukace ba kuma maƙwabta sun girbe, a tura kason farko cikin makon nan. In suka ce masu awo sun daina zuwa ko tiya tana tashi kowane mako, a fara neman wakilan da za su je babbar kasuwa tun kafin sanyi ya wuce farashin sari ya motsa.